Wakilan Tabarma na Tungar Murhu

Sallame sallar asuba ke da wuya muka kama hanya, ko addu'ar liman ba mu tsaya shafawa ba, don motar Keita ba ta jiran kowa. Ku da kuka ishe ni da waya kuna tambayar yadda muka ƙare, ga labarin nan ɗungurungum, kada wani ya sake tare ni a kasuwa. Tun yanzu ina gaya muku, babu daɗi a cikinsa.

Ga wanda bai san mu ba, garinmu Tungar Murhu. Kakanninmu ne suka zo noman damina, wasu daga ƙasar Keita, wasu daga ta Buza, wasu daga ta Madawa, suka kafa bukkoki da niyyar in an yi girbi su koma. Ba su koma ba. Yau muna da kasuwar da manyan motoci ke cika a cikinta, muna da lakwal, wato makarantar boko, muna da masallacin Juma'a, amma a wurin hukuma mu ba gari ba ne. Kowane maigida can ƙauyen ubansa yake biyan haraji, can sunansa yake. Ranar zaɓe motoci ke zuwa su kwashe mu kamar ragunan Layya, a yi da mu hanya uku, mu je mu zaɓar wa wasu konseye, wato kansiloli, mu dawo da yamma da tawada a yatsa. Komin uku, wato ƙananan hukumomi, ke kewaye da mu, kowacce na aiko mai karɓar kuɗin kasuwa, amma babu wadda muke da kujera a majalisarta.

Da can ba mu damu ba. Ƙoramar da ke gabas da gari ce ta tashe mu daga barci. Kowace damina sai ta gutsuri gaɓa. Ta ci lambuna, ta ci mayanka, bara ta iso bakin maƙabarta, har abin da ya rage tsakaninta da kabarin da ke gefe bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Kabarin nan na Inna ne, matar kawuna, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana cikin ƴaƴan farko da aka haifa a Tunga, kuma ita kaɗai na taɓa ji tana faɗin haka da alfahari. A al'adarmu in ciwo ya yi wa tsoho tsanani akan ɗauke shi a kai shi ƙauyen asali ya cika can. Ita ta ƙi. Ta ce wa Kawu nan ta faɗo, nan za a rufe ta, kada ya kuskura ya kai ta garin da ko hanyar rijiyarsa ba ta sani ba. Ya yi mata alkawari.

Shingen duwatsu cikin ragar ƙarfe ake buƙata a gaɓar, kuma aikin ya fi ƙarfinmu. Mun yi gayya da buhunan yashi, ruwan farko ya tafi da su ko sallama babu. In an je wannan komin ta ce gaɓar a ƙasar waccan take, waccan ta ce a'a, ta gaba ce. Shi ya sa shekarun baya muka yi namu zaɓen a gindin gawon kasuwa. Babu akwati, babu takarda. Mai so ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa. Layi uku suka fi tsawo: na Kawu, na wani Bafillace mai shanu da gona a arewacin gari, wanda ya fi ni jin Hausa, sai na Gwaggo ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, har da tawa. Aikinsu su riƙa zuwa zaman majalisun nan suna roƙo a ba mu komin tamu, ko aƙalla kujera guda mai ɗaga hannu. Ba a korarsu, amma kujerun na masu su ne. Sai su shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa su saurara, in an ga dama a ba su magana a ƙarshe, lokacin da kowa ke laluben takalminsa. Daga nan aka laƙaba musu wakilan tabarma. Kawu bai taɓa jin haushin sunan ba. Tabarmar nan tasa ta kaba, duk inda za shi tana rataye a kafaɗarsa.

To sai muka ji cewa wani kwamiti daga babban birni zai zauna a Madawa ya saurari garuruwan da ke neman zama komin. Hadari kuwa ya fara leƙowa da yamma. Kawu ya ce ko bana ko ba a yi ba. Aka shirya mu fara zagaya masu garuruwan da mutanenmu ke ƙarƙashinsu mu nemi albarkarsu, sannan mu gangara Madawa. Ni dillalin albasa ne, ba a zaɓe ni a komai ba. An tafi da ni ne don ɗan faransancin da na tsinto a lakwal kafin in gudu.

Motar buɗaɗɗiya ce, ta buhuna da mutane da awaki, kowa inda ya samu. Jikka biyu da rabi direba ya yanka wa kowane kai, ya ce esansi, man mota, ya yi tsada. Gwaggo ta leƙa fuskarsa ta kira sunan uwarsa, ta tuna masa a wane ɗaki ta karɓe shi, nan take ya buɗe mata gaba ya yafe mata rabi. Mu muka hau baya. Hanyar jar ƙasa ce mai kunya-kunya, in mota ta hau ta sai haƙora su riƙa gaisawa. Bafillacen ya ce da ya san haka ne da ya zo da nono a gora, kafin Keita ya zama mai.

Da muka hau dabagi, shimfiɗaɗɗen tudun nan, sai ƙasa ta sake. Dutse baƙi ko'ina, amma an jera shi layi-layi a kan gangara, bayan kowane layi ga itatuwa sun kama. Matan ƙasar ne suka ɗauko duwatsun nan a ka shekaru da dama da suka wuce. A wata ƙorama muka ga irin shingen da muke nema, duwatsu cikin raga, yashi ya taru a bayansa har an shuka tumatir. Kawu ya buga kan mota ya sa direba ya tsaya. Ya sauka ya je ya dafa ragar da hannu, ya jijjiga ta, ya tsaya yana kallo har fasinjoji suka fara tsaki. Da ya dawo ya ce mini, "Ɗana, ka gani? Wanga kaɗai muka biɗa. Ba mu ce a yi muna bene ba."

A Keita muka karya da shayi da cuku da dambun zogale mai ƙuli-ƙuli, mai arha da auki, daga nan muka hau kabu-kabu zuwa ƙauyen mijin Gwaggo, inda gidaje masu yawa na Tunga ke biyan haraji. Maigarin ya karɓe mu hannu bibbiyu. Aka dama mana fura mai kauri, aka yanka zakara. Ya saurari Kawu har ya gama, yana gyaɗa kai, sannan ya ce wa ya taɓa ganin uba ya sallami ɗiyansa don sun yi nisa? Ya ce ƙofarsa a buɗe take, duk wanda ƙorama ta dama ya dawo gida, akwai fili. Ban ga laifinsa sosai ba, girman maigari yawan mutanensa ne. Amma wallahi zakaran nan bai wuce mini a maƙogwaro da daɗi ba. Da muka fito Gwaggo ta ce an shafa mana mai a baki an sallame mu.

Bafillacen ya ce kada mu wahalar da kanmu zuwa wurin ardonsu can wajen Bangi. Ya riga ya yi masa waya, ardo ya ce shi bai san saniyar da ke da komin ba, ya bar masa maganar.

Kashegari muka juyo ta ƙasar Buza zuwa ƙauyen su Kawu, bayan Deule. Ƙauyen ya tsufa. Samarin duk sun tafi biɗa, wasu Abidjan wasu Libiya, sai tsofaffi da mata da rumbuna. Da yawan gidajen an toshe ƙofarsu da ƙaya. Tunga ta ninka shi sau nawa, amma shi ne gari, mu ne tunga. Yayan Kawu ne babba a gidan, tsoho tukuf, idanunsa sun tafi. Da ya ji muryar ƙanensa sai ya miƙo hannu yana lalube, ya kama kansa ya shafa kamar yaro, alhali Kawu ya ba saba'in baya. Ya sa aka buɗe wani ɗaki da ke kusa da nasa. An share shi, an yaɓe rufin, ga gadon kara. Ashe kowace shekara sai ya sa an gyara shi, wai ɗakin ƙanena ne, yana can tunga zai dawo.

Bayan la'asar ya sa aka ja shi zuwa kabarin mahaifinsu, muka yi addu'a. A nan tsaye ya ce ya ji abin da ke kai mu Madawa. Ya ce, "Ka biɗi shinge, ka biɗi rijiya, ka biɗi abin da kaka so, Allah shi ba ka. Amma na ji an ce za a tsai da ku gaban mutane. Ka san wanda ka cewa shi ɗan tunga na: wanda anka koro ubanai, ko wanda bai san ubanai ba. Ga tsohonmu nan kwance. Kar ka sa in ji ga bakin mutane ka ce kai ɗan tunga na."

Kawu ya kama hannun tsohon ya mayar da shi gida. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na san gaskiya tsohon ya faɗa game da mu. Haka aka raine mu. Tunga wurin zaman damina ce, ba asali ba. Ko wanda aka haifa a Tunga, aka yi masa kaciya a Tunga, ya aurar da ƴaƴa a Tunga, in ka ce masa ɗan ina ne kai, ƙauyen kakansa zai ambata, ko da bai taɓa kwana can ba. Wanda ya ce shi ɗan Tunga ne, an dinga yi masa kallon tsintacce ke nan, ko ɗiya ba za a ba ɗansa da daɗin rai ba.

A hanyar Buza na tayar da maganar. Na ce Kawu, in an tambaye ku ƴan ina ne fa? Ya ce ba za a tambaya ba, mutanen birni takarda suke tambaya. Ya sa ni in sake bita masa jawabin da na shirya da faransanci, kasuwa da lakwal da ƙorama. Na yi ta zuba shi a bayan mota, wani ɗan koleji da ke kusa da ni yana danne dariya. Buza tana kan tudu, rana ta buɗe kamar bakin tanda, ruwan leda ma da ɗumi muka saye shi. Muka ci shinkafa da wake a tasha, Bafillacen yana ta mita wai man da aka ɗiga mana ko idon kaza ba zai cika ba.

Daga Buza zuwa Madawa hanyar ta yi dama-dama, wani wuri kwalta, wani wuri rami. Da muka gangaro fadama sai warin albasa ya tarbe mu, ga rudu jere a gonaki, wato bukkokin da ake ajiye ta. Ni da nake cikin sana'ar hankalina ya ɗan tafi, na tambayi kuɗin buhu, na ji ya faɗi ƙasa warwas, manoma sun gwammace su ɓoye. Madawa kuwa gari ne, ga kilishi ga tabarmi masu launi iri-iri an jingine a bakin hanya. Na ce wa Kawu in saya masa sabuwa, kada ya shiga gaban manya da wannan da gefenta ya zare. Ya harare ni ya ce ita aka zaɓa tare da shi. Da yamma muka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin can arewa, wajen gida, walƙiya na tsaga shi. Kawu ya daɗe yana kallonsa, tuwon ma bai ci na kirki ba.

Da hantsi aka shiga zaman, a wani babban zaure mai fanka. Garuruwa da dama sun zo, kowanne da maigarinsa da rawani da ƴan rakiya. Ranar ce Kawu ya fara samun kujera a gaban hukuma. Ya zauna a bakin-bakinta kamar wanda zai tashi, tabarmar a naɗe kan cinyarsa. Na waiga baya. Mutanen ƙasar Deule sun cika benci guda, sun zo rakiyar wani gari, har da ɗan yayan Kawu, yana ɗaga mana hannu.

Da aka kira Tungar Murhu na miƙe na gyara murya zan fara faransancina. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gilashi, ya ɗaga hannu ya ce in huta, da Hausa garau. Ya ce yana so ya ji daga bakin tsoho. Kawu ya tashi. Jama'a, ban taɓa jin ya yi magana irin ta ranar ba. Ya faɗi kasuwa, ya faɗi yaran lakwal, ya faɗi motocin da ke kwashe mu ranar zaɓe, zaure ya yi dariya. Ya faɗi shekarun da ya yi a bakin ƙofofi. Da ya zo kan ƙorama da maƙabarta sai dariyar ta ɗauke. Na ga dattijon ya aje alƙalami yana kallonsa. Na ce a raina, yau Allah ya yi.

Sai dattijon ya ce, cikin girmamawa, "Baba, na ji ka, kuma maganarka ta shige ni. Amma komin ta mutane ce, ba ta rumfunan kasuwa ba. Ina so in san mutanen garin. Kai kanka, Baba, ɗan ina ne?"

Kawu ya san amsar da ake so. Na rantse ya sani, don na ga yadda ya damƙe tabarmar har kabar ta yi ƙara. Ya dubi dattijon, ya waiga ya dubi bencin baya. Ni ina ta addu'a a zuci, Kawu faɗi, kalma biyu ce, faɗi don Inna.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni mutumin ƙasar Deule na." Ya faɗi sunan ƙauyen, ya faɗi sunan ubansa.

Dattijon ya juya ga Bafillacen. Shi ya so ya kauce da wasa, ya ce shi ɗan inda shanu suka kwana ne. Aka dara, aka sake tambayarsa, ya ce ardonsu na wajen Bangi. Sai Gwaggo, ba ta ma jira an tambaye ta ba. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce ita ƴar Tunga ce, duk mabiyiyar da ta binne a Tunga ta binne ta, in ƙasa na magana a je a tambaye ta. Zauren ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Tsohuwa, ke ba ki da uba?" Dariyar nan har yau tana kunnena. Gwaggo ta zauna, ba ta sake ɗaga kai ba. Ni ba a tambaye ni ba, kuma na gode wa Allah, don ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya tsawata, sannan ya ce mana shi ba zai iya kai wa na sama garin da wakilansa biyu cikin uku suka ce su baƙi ne a cikinsa ba. Mu koma, masu gidaje su yarda su mayar da sunansu Tunga, in kwamiti ya sake zama a duba. Na ce yaushe? Ya buɗe hannuwa. Kawu ya ce ƙoramar fa, ranka shi daɗe, damina ta kawo kai. Ya ce mu kai kukanmu ga komin ɗinmu. Kawu ya buɗe baki zai ce wacce, sai aka kira gari na gaba.

A waje ɗan yayan Kawu ya zo ya durƙusa masa yana murna, wai Baba ka fidda mu kunya, zan gaya wa tsoho. Na so in mare shi. A tasha na kasa riƙe bakina. Na ce Kawu shekara nawa kana jan tabarma ƙofa-ƙofa, ranar da aka buɗe maka ƙofar kai da kanka ka rufe? Na faɗa masa maganganun da ɗa bai kamata ya faɗa wa kawunsa ba. Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce, "Ɗana, na buɗe baki in hwaɗi, ya ƙi hita. Mi kaka so in yi?" Na ga hawaye a gemunsa, na kau da kai.

Hanyar dawowa babu wanda ya yi wasa, har Bafillacen. Tun daga Buza muka fara ganin ruwa kwance a ramuka, ƙasa ta yi duhu, mutane sun fita shuka da sungumi, suna murna. Waya ba ta shiga Tunga. Da muka kusa sai direba ya tsaya ya ce iyakarsa nan, ƙorama ta kawo. Ruwan ya ja baya, amma ya bar laka har gwiwa. Muka naɗe wando muka ratsa, ni da Bafillacen muna riƙe da Gwaggo. Tun daga tsakiya na hango gaɓar maƙabarta. Ta rufta. Inda muka bar ƙasa yanzu rami ne, ga mutane tsaitsaye a sama da farin yadi a hannu.

Kaburbura da yawa ruwa ya buɗe, wasu ya tafi da su gaba ɗaya. Tun safe maza ke bin yashi suna tsintar abin da za su iya tsinta. Liman ya ce a tone na gefe duka a mayar da su wani wuri kafin ruwa na biyu. To ina? Tudun da ke yamma da gari gonaki ne, kuma ba wanda ke da ikon yanka fili a Tunga. Mai gonar ya ce sai maigarinsu ya yarda, maigarin yana can wata komin, ita kuma sai majalisa ta zauna. Mutane ba su tsaya jira ba. Amalanken jaki na gani jere a bakin maƙabarta, kowane gida ya naɗe nasa a sabon likkafani, wasu sun fuskanci hanyar Keita, wasu ta Buza, wasu ta Madawa. Sak ranar zaɓe.

Kabarin Inna rabinsa a sama yake, rabi ya leƙa rami. Kawu bai bari kowa ya taɓa ba sai ni da shi. Muka tona da hannu, a hankali. Abin da ya rage nata bai da yawa. Muka sa a likkafani. Aka nemi abin da za a naɗe a ɗora kan amalanke, sai Kawu ya sauke tabarmar daga kafaɗarsa, ya kwance igiyar, ya shimfiɗa. Ya naɗe ta a ciki ya ɗaure da kansa.

Ya tsaya ya dubi tudun yamma. Mai gonar na nan cikin mutane, ya sunkuyar da kai. Kawu ya dubi hadarin da ke sake haɗuwa. Na ce, "Kawu, ina za mu kai ta?"

Ya ce, "Gida."

Ya kama igiyar jakin ya juya kansa hanyar Deule. Gwaggo ta sha gabansa ta ce, "Malam, ta hwa ce kar ka kai ta." Ya ce, "Na sani. Nuna min inda zan sa ta." Gwaggo ta duba gabas ta duba yamma, sannan ta kauce daga hanya ta zauna a kan laka tana kuka. Tun da nake ban taɓa ganin kukan matar nan ba.

Na raka shi har ƙauyen. Yayansa ya sa an haƙa kabari kusa da na mahaifinsu, an kuma sake share ɗakin nan. Da aka gama na ce Kawu mu koma, ya ce in yi gaba, shi zai ɗan kwana biyu. Na san ba zai dawo ba, shi ma ya san na sani.

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni abin da ta buɗe mini bai yi mini daɗi ba. Shekara da shekaru ina zagin na kan kujera, ina cewa su suka hana mu, kuma suna da nasu. Amma na gani da idona, mu muka fara ƙin garin nan kafin kowa ya ƙi shi. Muna ci a cikinsa, muna haihuwa a cikinsa, muna jin kunyar sunansa. Waɗanda kaɗai suka yarda suka zauna a Tunga ba da niyyar komawa ba su ne na maƙabarta, su ma ga shi mun kwashe su.

Na dawo jiya. An sake yin ruwa, ƙorama ta ƙara cin gaɓa, yanzu bayan lakwal take nufa. Bafillacen ya kora shanunsa arewa. Ranar kasuwa mai zuwa wai za a taru a gindin gawo a zaɓi wanda zai maye gurbin Kawu, har wasu na cewa in tsaya. Na tambayi Gwaggo ko za ta fito. Ta ce tana da mai naƙuda a unguwar mahauta, in yaron ya faɗo za ta tambaye shi ɗan ina ne.